Malam Ludayi

"Wallahi muddin ina da rai, ba zan ɗauki ƙanwata in miƙa wa ƙaton da yake yanka albasa a gaban yara ba!"

Yaya Babba ne ya faɗi haka yana tsaye a tsakiyar falo, ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Auta da ke zaune a ƙasa kusa da ƙafar Umma ta ɗago kai a hankali. Tun da aka ce ta dawo gida da wuri akwai magana, jikinta ya ba ta ba lafiya ba. Ganin Gwaggo ta harɗe a doguwar kujera kuwa ya tabbatar mata, don Gwaggo ba ta taka gidan nan sai in da wanda za a yi wa wankin babban bargo.

Tun rasuwar mahaifinsu Yaya Babba ne uba a gidan. Shi ya tsaya wa Auta har ta zama malama, tana koyar da ilimin zamantakewa a sakandaren da ke bayan tasha. A can ta haɗu da wanda ake wannan rigima a kansa, malamin da ke riƙe da darasin kula da iyali da abinci mai gina jiki da ɗinki. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Ludayi, sunan ya bi shi har ofishin malamai, shi kuwa ya karɓa da dariya.

"Yaya, ai bincike ka ce za ka yi," in ji Auta, tana ƙoƙarin danne muryarta. "An ce maka yana shaye-shaye ne? Ko ba ya sallah?"

"Da ma shaye-shayen ne ai da sauƙi, ana shiryuwa!" Gwaggo ta cafe.

Yaya Babba ya juyo ya nuna ƙirjinsa. "Ba wanda ya faɗa mini, da ƙafata na je makarantar taku. Na leƙa ta tagar ajinsa. Umma, da na san abin da zan gani ke nan da ban je ba. Ƙato da gemunsa, ya ɗaura rigar girki, tef ɗin awo a wuya, ya saɓa 'yartsana a kafaɗa yana bubbuga mata baya. Wai yana koya wa yara yadda ake sa jariri gyatsa!"

Gwaggo ta tafa hannu ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke Auta kin huta! In kin haihu sai ki miƙe ƙafa, shi zai yi raino. Shayarwar ma ki bar masa."

Auta ta kau da kai daga Gwaggo. Ta dubi yayanta.

"Telan da ya ɗinka rigar da ke jikinka namiji ne, Yaya. Wanda ke dafa abinci a otal ɗin da kake kai baƙinka, shi ma namiji ne. Ban taɓa jin ka zage su ba."

"Ba su zo neman ƙanwata ba!" ya daka mata tsawa. "Ni in shiga cikin mutane a ce surukinka me yake yi, in ce me? Ga Injiniya, abokina, mutumin da garin nan ya san da zamansa. Tun yaushe yake binki kina yi masa wulaƙanci?"

"Ba na son shi."

"Ba wanda zai yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma wancan mai ludayin, ba dai da bakina a ba shi ke ba. Ki je ki nemi wani uban."

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle. Ta juya wajen Umma, ko za ta ce wani abu. Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ki yi haƙuri, Auta," ta ce a hankali. "Yayanki ne."

Auta ta miƙe ta shige ɗaki ta danno ƙofa. Tana jin Gwaggo tana ɗaga murya: "Ilimin zamantakewar ke nan! A zauna ana yi wa babba rashin kunya."

* * *

Washegari idonta a kumbure ta isa makaranta. Tana shiga ta hangi farar motar Injiniya an faka ta a ƙarƙashin bishiyar da malamai ke ajiye babura, baburan an ture su gefe cikin rana.

Ajin Malam Ludayi shi ne na ƙarshe a jerin ginin, ɗaki ne mai faɗi da tagogi manya. Kekunan ɗinki a jere ta gefe ɗaya, murhunan gas da tukwane a ɗaya gefen, bango duk zanen riguna da hotunan kifi da ƙwai da ganyayyaki da yara suka liƙa. Yau kuwa ɗalibai ne cirko-cirko a baranda, maza da mata, wasu riƙe da yadin da suka zo yankawa. A ciki, waɗansu ma'aikata biyu suna auna bango. Injiniya na tsaye ya ɗora ƙafa ɗaya a kan takawar keken ɗinki, shugaban makaranta a gefensa yana ta murmushi yana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, lafiya?" Auta ta tambayi shugaban.

"Lafiya lau, Malama, alheri ne ya same mu. Injiniya zai ba mu kyautar ɗakin kwamfuta. Ya zagaya ko'ina, ya ce nan ne ya fi dacewa."

"Ga azuzuwa biyu can a kulle, ɓeraye ne kawai a ciki."

"Waɗancan rufinsu yana yoyo," in ji Injiniya, murya a sanyaye, yana dubanta ta saman gilashi. "Kwana biyu, Malama."

Ba ta amsa gaisuwar ba. "Yaran nan fa? Jarrabawar gwaji ta kusa, a ina za su yi girkin da ɗinkin?"

Shugaban ya sosa ƙeya. "To, ga baranda. In malaminsu zai iya lallaɓawa a nan, ba mu hana ba. Kin san ba a mayar da hannun kyauta." Yana faɗa ya sulale waje, wai ana nemansa a ofis.

Injiniya ya sauke ƙafarsa ya matso ya dafa keken da hannu, ƙamshin turarensa ya cika mata hanci.

"Duniya ta ci gaba, Malama. Ana zancen kwamfuta, wa yake ta soya ƙwai? Wannan ai a gida uwa take koya wa 'yarta."

"Wanda ba shi da uwa fa? Wadda uwarta ita ma ba a koya mata ba fa?"

Ya yi murmushi kamar yarinya ce ta yi masa wauta. Ya rage murya. "Kin san ni ba na son ganin ɓacin ranki. Rufin da ke yoyo ai gyara shi ake yi. Kalma ɗaya nake jira daga bakinki, in ce wa yaran nan su naɗe tef ɗinsu su koma can."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

"Au, ciniki ka zo yi?" ta ce da ƙarfi, yadda har na baranda suka ji. "Ka ɗauki karatun yaran mutane ka ɗora a kan faifai, ni ce kuɗin? Wallahi Injiniya, ko makarantar nan za ka rushe ka gina ta da zinariya, ba ka isa in dube ka ba. Kuma ka ɗauke hannunka daga kan keken nan, ba a taɓa shi da hannun da ba shi da tsabta."

Wata ɗaliba ta fashe da dariya ta toshe baki. Fuskar Injiniya ta canja. Ya gyara zaman gilashinsa, ya juya wajen ma'aikatan.

"Ku fitar da komai yau," ya ce.

* * *

A ɗan sito ɗin da ke bayan ajin ta sami Malam Ludayi. Yana durƙushe yana jera almakasai da ƙwaryar zare a cikin kwali. Rigar girkinsa a ninke take a kan buhun shinkafa. Da ya ji motsinta ya ɗago, ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Na ji muryarki har nan," ya ce.

"Ka ji, amma ba ka fito ba? Ana kwashe maka aji kana nan kana lissafin zare?"

"Zauna, Auta. Akwai magana."

Ba ta zauna ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, yana kauce wa idonta.

"Da safen nan, kafin in zo, na biya shagon Yaya."

"Wane Yayan?"

"Naki. Shi ya kira ni. Na ɗauka zagina zai yi, kuma ya yi ɗin, ban ce masa komai ba. Da ya gama sai ya ce ya lura kin kafe, shi kuma ba ya son ya ga kina ramewa. Ya ce hanya ɗaya ce. In ajiye wannan aikin, in koma shagonsa na kayan gini in riƙe masa sabon reshe. In na yi haka zai ba ni ke. Har ya ce in zo da kawuna yau da yamma."

Auta ta matso kusa da shi. "Me ka ce masa?"

"Da fari na ce zan yi shawara. Ina isowa na tarar ana auna ajin." Ya buɗe hannuwa. "To me ya rage? Sai na kira shi na ce na amince."

A waje ana jin ƙarar keken ɗinki da ake ja a kan siminti.

"Ka amince," ta maimaita.

"Saboda ke."

"Kada ka sake cewa saboda ni!" Muryarta ta tsage. "Jiya na zauna a gaban uwata aka mayar da kai abin dariya, na tsaya maka. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai a kanka. Yanzun nan na zubar da mutuncin mutum a gaban ɗalibai a kan ajinka. Ashe ni ina can ina ta haƙilo, kai ka riga ka sayar da filin?"

"Auta, ki saurare ni..."

"Ashe kai ma kunyar aikin kake ji!"

Wannan ta soke shi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kunya? Ni?" Ya buga ƙirjinsa. "Tun a kwaleji ni kaɗai ne namiji a ajinmu. Ba sunan da ba a kira ni ba. In na shiga majalisa sai a ce a gyara wa uwargida wuri. Abokai sun guje ni, 'yan'uwa sun yi mini dariya, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Duk na jure. Amma in rasa ki, wannan ne ba zan iya ba. Ni ma mutum ne, na gaji."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ganin haka nata suka ƙaru, amma zuciyarta ba ta sauka ba.

"Ka tuna abin da ka faɗa mini ranar da na tambaye ka dalilin da ya sa ka karanci wannan fannin?" ta ce. "Ka ce mahaifiyarku ta rasu ta bar maka ƙanne, kai kuma ba ka san komai ba sai dafa shinkafa da mai. Ka ce ƙaramar ta kumbura, gashinta ya yi ja, kana ganin ƙiba ce. Sai da kuka je asibiti aka ce yunwa ce, alhali kullum cikinta a cike. Ka ce da wani ya taɓa tsayawa a gaban allo ya koya maka, da yau tana raye."

"Ya isa," ya ce a raunane.

"Bai isa ba! Ranar na fara sonka. Ba kyau na bi ba, ba kuɗi ba, ka san ba ka da ko ɗaya."

Duk da kukan sai da ya ɗan murmusa. Ita ko gezau.

"In ka tafi wa zai koyar da su? Kai kaɗai ne a makarantar nan. Kana fita za a soke darasin, shi ke nan Injiniya ya ci riba. Kai kuma ka je ka zauna a bayan kanta kana ƙirga ƙusa, Yaya yana nuna ka ga abokansa yana cewa ga wanda na mayar namiji. Kana ganin zai taɓa ganin girmanka? Ni kuma kullum ka dawo gida ka dube ni, ka tuna ni ce na raba ka da abin da kake so. Shekara nawa za mu yi kafin ka tsane ni?"

"Ba zan taɓa tsanarki ba."

"Ni zan tsani kaina."

Ya zauna a kan buhu ya dafe kai da hannu biyu. "To ya kike so in yi? Gaba kura, baya siyaki. In na ƙi, ba zai ba ni ke ba."

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na san aikinka na ce ina sonka, ka san gidanmu ka ce kana sona. Ni ban ce ka nemo mana hanya mai sauƙi ba." Ta goge fuskarta da gefen mayafi. "Ka ji da kyau. Ranar da ka taka shagon nan da sunan aiki, ko Yaya ya ɗauke ni ya kai maka har ɗaki, ba zan zauna ba."

Ta juya ta fita. Ya kira ta, ba ta waiwaya ba. A baranda ɗalibai sun kewaye kekunansu da aka zube cikin rana, wata tana goge ƙurar nata da hannun riga. Suka bi ta da ido. Ta wuce ajinta ta ɗauki alli, ta rubuta kan darasi a allo.

* * *

Da yamma ta tarar da gidan ya canja. An share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar darduma a falo, ga lemo a jere a kan tebur. Gwaggo ta sha ɗaurin ɗankwali, tana ganinta ta washe baki.

"Ga amarya, ga amarya! To sai a saki fuska, buƙata ta biya."

Yaya Babba na zaune yana kaɗa ƙafa, fuskarsa a sake. "Zo nan, Auta. Kin ɗauka ni maƙiyinki ne ko? Yaron nan ashe yana da hankali. Na yi masa magana ta maza, ya ji. Zai bar shirmen nan ya kama sana'a. Na ba shi ke, yanzu ma suna hanya shi da kawunsa."

Umma ta dube ta da murmushin da ya daɗe bai zo fuskarta ba. "Alhamdulillahi. Ki gode wa yayanki."

Wannan murmushin na Umma ne ya kusa karya mata gwiwa. Ta ajiye jakarta.

"Na gode, Yaya. Amma ba na so."

Yaya Babba ya daina kaɗa ƙafa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba na so."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yau ga ikon Allah! Jiya kina kuka kamar ranki zai fita, shi ko ba kowa. Yau an ba ki kin ce ba kya so? Yarinyar nan ko dai a nema mata magani?"

"Wanda na kawo muku jiya ba shi kuka ba ni yau ba, Gwaggo. Kun karɓe shi kun fere shi daidai yadda kuke so, sannan kuka ce in zo in ɗauka."

Yaya Babba ya miƙe tsam. "Ni za ki kunyata? Na sauko, na yi abin da ban yi niyya ba saboda ke, baƙi suna hanya..."

Sallama ta katse shi daga bakin ƙofar gida. Muryar dattijo ce, a bayanta kuma wata muryar da Auta za ta gane ko cikin kasuwa.

"Ki shige ɗaki," in ji Yaya Babba ta cikin haƙora.

Maimakon haka ta zura takalmi ta riga shi fita. Umma na kiran sunanta, Gwaggo na salati. Ta ja ƙyauren gidan ta buɗe.

Dattijon na tsaye da sanda, farin gemu, cikin shiga ta kamala. A bayansa Malam Ludayi ne, ya sa sabuwar riga da hula, idonsa har yanzu da sauran ja. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaida dattijon.

"Kawu, ka gafarce ni, na san ba wurina ba ne. Tambaya ɗaya zan yi wa ɗanka a gabanka." Ta miƙe ta dube shi ido cikin ido. "Wa ya zo neman aurena? Malamin makarantarmu ne, ko yaron shagon Yaya?"

Yaya Babba ya iso ya tsaya a bayanta yana huci. "Ka rabu da ita. Ku shigo, Kawu, magana ta riga ta ƙare."

Dattijon bai motsa ba. Ya juya ya kalli ɗan nasa, yana jira.

Malam Ludayi ya dubi ƙofar da aka buɗe masa, ya hango darduma da lemon da aka jera. Taki ɗaya ya rage ya shiga. Ya dubi Auta.

Sannan ya cire hularsa ya rusuna.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce. "Ina son ƙanwarka, kuma ba zan daina zuwa ƙofar nan ba. Amma shago ka nemi wani. Gobe da safe ina da aji a baranda."

Yaya Babba ya fizgo hannun Auta ciki, ya maka ƙyauren da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga bango, ya danna sakata.

"In ya sake taka layin nan sai na sa an ɗaure shi!" ya faɗa yana nuna ta da yatsa. "Ke kuma ki zauna ki tsufa a gidan nan!"

Auta ta jingina bayanta da ƙyauren, ta sulale ta zauna a ƙasa. Hawaye na gudu a kumatunta, wani na korar wani. Gwaggo ta fito da shirin zagi, ta buɗe baki, sai ta tsaya sororo ta juya wajen Umma.

"Ke zo ki gani," ta ce. "An rufe mata ƙofar aure, 'yar banza dariya take yi."